Zuwaira ta koya mini kwance goyo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Zuwaira, ɗiyar baffana, amma ban taɓa jin ta kusa da ni kamar ranar da nake tuƙa tuwo a gidanmu na Cadawa, farkon damanar bana, ba. Wani wari ya buge ni kamar an ƙona roba, wani abu kuma ya taso daga cikina yana hawowa maƙogwaro. Na san shi, ko da yake ban taɓa jin shi ba. Haka Zuwaira take kwatanta mini abin da ke zuwa mata kafin farfaɗiya ta kada ta.

Ban tsaya tunani ba. Na ja da baya daga murhu, na kwance goyon, na ajiye jaririyata bisa tabarma. Daga nan ban san kome ba.

Ajinmu ɗaya da Zuwaira har aka fid da ita daga lakol, wato makarantar boko, don iyayen yara sun ce kumfar bakinta za ta shafi 'ya'yansu. Aka ware mata kwano da moɗa. Ba wannan ya fi yi mata ciwo ba. Ita mai son jarirai ce, amma ko gidan suna ta je, daga bakin ƙofa take leƙe, ba mai miƙa mata. Takan yi dariya ta ce jariran ne ke asara. A tabki ta faɗi ta rasu, ta je wanki ita kaɗai domin ba mai yarda ya raka ta.

Da na farfaɗo, yarinyar tana bayan Inna, surukata. Inna ba muguwa ba ce, tsoro ne gare ta. Ta ce nonona ya gurɓata, ta koma ba yarinyar kunu, ta kuma ce lallai wajen Zuwaira na ɗauko, tun da ni ce mai tallabe kanta. Ga shi 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗi. Da wane baki zan ce a ba ni ita? Ina jin kukanta ta bayan danga, rigata tana jiƙewa da nono.

Da na sake faɗuwa, maigidana ya ce sai likita, kuma da Inna za a je. Muka shiga mota zuwa asibitin Agiye. A bisa bencin jira na ga wata 'yar lakol da littattafanta, ta zo amsar maganinta na wata, suna ta hira da ƙawarta da ta rako ta. Na ce a raina, da Zuwaira ta ga wannan, da ta zauna tsakaninsu ta hana kowa magana. Da kuma ta tambaya ina aka ɓoye ƙwayar maganin nan a zamaninta.

Abin da ya rage na Zuwaira ba hoto ba ne, ba mu da ko ɗaya. Ba ta ɓoye mini ciwonta ba, ta faɗa mini shi dalla-dalla, kuma wannan ne ya raba jaririyata da wuta.

Bayan azahar aka kira mu. Lokotoro, wato likitan, ya saurare ni, ya duba ni, ya ce ciwon ba a ɗaukarsa, ba ta miyau ba, ba ta nono ba. In riƙa shan magani kullum, in zauna ƙasa in zan shayar, kar in je ruwa ni kaɗai. Sai ya juya wajen Inna.

"Hajiya, goyon nan ya yi miki nauyi. Ki ba uwarta."

Inna ta kwance zanen, ta miƙo mini ita, ta ce, "To zauna ƙasa mana, ba ki ji abin da ya ce ba?"

Na zauna nan bisa siminti, gaban kowa.