Jinin Galmi da Furar Yaya Kande

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Hajiya Rabi, ban taɓa dawowa gida da ciwon kai irin wannan ba.

Hajiya Rabi lokotoro ce, wato likita, amma ba ta duba marar lafiya. Aikinta guba da magani. Shekara talatin tana bin abu guda: me hanta ke yi da abin da mutum ya haɗiye, me ya sa ƙwaya ɗaya ta warkar da wani ta kwantar da ƙanensa. Bana za ta ajiye aiki. Abin da ya rage mata shi ne jinin manoman albasa na wajen Galmi, masu feshin maganin ƙwari ba takalmi ba abin rufe hanci, in jiki ya yi tsami kuma su sha ƙwayar masu talla. Ni ma ina shan irinta kowace safiya, ja da fara da rawaya, daga wani mai tire a kasuwar Katako. Ta daɗe tana roƙon jinina. Na ce mata ni da allura ba ma shiri.

Rana ta farko, Yamai zuwa Galmi

Na bar gidana a unguwar Gamkalle ƙarfe huɗu da rabi, na ɗauke ta biyar saura. A baya muka ɗaure gilasiya, akwatin sanyin da za a sa jinin, da ma'aunin zafi maƙale a murfinsa. Doso bakwai da rabi, kilomita ɗari da arba'in, muka sha shayi da burodi a tsaye. Dogon Dutsi ƙarfe goma. Garinmu ne, yayata Kande tana nan, amma Hajiya ta ce mu wuce. Wani ɗan unguwarmu ya gan ni a wurin peyaji, inda ake biyan kuɗin hanya. Kafin mu kai Ƙonni wayar Yaya ta shigo.

"Lawali, ka zama ɗan Yamai ke nan? Ka ratsa ƙofar gidana da babbar baƙuwa ko ruwa ba ku sha ba?"

Na ce mata in muna komawa za mu tsaya. Galmi ƙarfe biyu da rabi. Zafin bazara ya kai inda ba a taɓa ƙarfen mota. Muka sauka wani masauki mai panka, amma ba wuta.

Rana ta biyu, ƙauyen manoma

Mai gari ya tara mutane ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro. Wata uku Hajiya ta yi tana aiko masa kafin ya yarda. Wani dattijo ya tambaye ta ko sayar da jinin za ta yi. Ta ce, "Baba, jinin da ya sha feshi wa zai saya?" Aka yi dariya, shi ya fara miƙa hannu. Da aka gama mai gari ya ce mata a gabana, "Madam, sau ɗaya ne. Kada ki dawo ki ce a ƙara, ba zan iya tara su ba." Ni ina can jikin mota, na juya baya ga allurar.

Rana ta uku, komawa

Ledojin sanyi shuɗɗa da muka zo da su sun saki, tunda firigon masauki, wato firji, ba ya aiki. A Ƙonni, tara da kwata, na sayi ƙanƙarar leda irin ta sha, guda goma sha biyu, dala goma-goma. Kwalaben jini a ƙasa, tawul a kansu, ƙanƙara a sama. Hajiya ta ce kada ma'auni ya wuce takwas.

Dutsi sha biyu da rabi. Na ga rana na dukan mota, sai na ɗauki gilasiya na kai ɗakin Yaya na ajiye bayan ƙofa. Ta ce me ke ciki da nauyi haka. Na ce ƙanƙara. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ambaci jini ba, don na san ta, sai ta ce in fitar mata da shi daga ɗaki.

Garin ba wuta tun jiya. Aka kawo tuwo da miyar kuka da zabuwa, sannan fura cikin babbar ƙwarya, sanyi har yana kama haƙori. Hajiya ta sha ludayi uku, ta ce rabonta da fura irin wannan tun Damagaram. Maƙwabta suka shigo gaisuwa, kowa ya sha. Ni ma na sha, ban tambayi kaina inda aka samo sanyi a garin da ba wuta ba. Muka yi azahar, muka ɗan kishingiɗa.

Ƙarfe uku na je ɗaukar gilasiya, na ji ta ba nauyi. Ma'auni ya nuna ashirin da shida.

"Yaya, ina ƙanƙarar?"

"Wadda ka kawo mana? Ai kun shanye. Da ruwan zafi zan tari baƙuwa?"

Na buɗe baki, Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ta duba agogo, ta tambayi Yaya ƙarfe nawa ta ɗebe. Yaya ta ce kafin kiran salla da ɗan dama. Hajiya ta rubuta a littafinta, ta rubuta lambar ma'auni, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya, furarki ta yi daɗi." Yaya ta ba ta ƙullin kuka da daddawa.

Shago shida na shiga a Dutsi, ba ƙanƙara. Muka jiƙa tawul muka lulluɓe gilasiya, na taka mota. Muka yi kilomita hamsin. Sannan na tambaye ta.

"Hajiya, ya lalace?"

"Ban sani ba."

"Ke da kika yi shekara talatin?"

"Shi ya sa na ce ban sani ba, Malam Lawali."

Kafin Doso jandarma ya tsayar da mu, ya ƙwanƙwasa gilasiya da yatsa ya ce a buɗe. Na ce jinin mutane ne. Hajiya ta ce ya buɗe da kansa, sai dai ya ba ta sunansa ta rubuta da mintin da ya buɗe. Ya duba takardarmu, ya goge yatsan a wando, ya ce mu tafi.

Doso biyar da kwata muka samu ƙanƙara wajen wani mai kanti da ke da injin wuta. Ma'auni ya fara sauka. Awa huɗu da ɗan kai jinin ya yi cikin zafi.

Daga nan ta yi mini bayani, kamar tana gaya wa kanta. Ta ce ba za ta zubar ba, kuma ba za ta yi aiki da shi ido rufe ba. Za a ɗebi sabon jinin mutum ɗaya a raba biyu, rabi a sanyi, rabi a bar shi cikin zafi iri ɗaya awa huɗu da ɗan kai, a auna duka. In bambancin kaɗan ne, jinin manoma ya tsira. In da yawa ne, shi ke nan, ta rufe littafi ta tafi gida. Ta ce gobe za ta nemi mai ba da hannu cikin ma'aikata. Ba ta dube ni ba.

Mun shiga Yamai bayan magariba, muka ƙetare gada, aka sa kwalaben a firigon labo, ɗakin da take gwajin jini. Na gode Allah da ya maido mu lafiya, na gode mata da ba ta kunyata yayata gaban maƙwabta ba. Har yau Yaya ba ta san abin da ke ƙarƙashin tawul ɗin ba.

Da safe na biya Katako. Mai tire ya miƙo mini ƙwayoyina, na ce ya riƙe tukuna. Na sayi kwaɗo ƙarami da sarƙa na gilasiya. Bakwai da rabi ina labo. Na zauna kan kujerar ɗibar jini, na naɗe hannun riga, na juya fuska ga bango, na ce mata ta ɗiba da sauri kafin in canza ra'ayi.