Hannun da Davou Ya Hana a Miƙe

Ni ba na lissafi da kalandar bango. Abin da na riƙe shi ne, damina ta uku bayan gobarar babbar kasuwa, lodin katako ya zame daga kan mota a kasuwar Katako ya same ni a wuya. Tun ranar ban sake taka ƙasa ba. A waccan daminar na san Davou, ma'aikacin gashin ƙashi da ke zaune a Jos Jarawa. Talatar da ta wuce da hantsi, ina zaure, ƙaninsa ya kira ni a waya ya ce, "Baba Ɗanjuma, yaya ya tafi." Na ce ina? Ya ce, "Ya rasu, Baba. Jiya ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki." Na yi ta salati. Da hannun hagu na riƙe wayar, hannun da shi ya raya mini.

Da aka sallamo ni daga asibiti, yatsuna a lanƙwashe suke kamar ƙafar kaza. Davou ya riƙa zuwa gidana a Dilimi a kan mashin duk Asabar, ba wanda ya aiko shi. Ranar farko ya ce, "Baba, ɗaga wuyan hannunka." Na ɗaga, sai yatsun suka rufe da kansu. Ya ce, "Saki." Suka buɗe. Ya ce, "To, wannan lanƙwasa shi ne dukiyarka. Da shi za ka riƙe cokali. Duk wanda ya ce zai miƙe maka yatsu, ka ce Davou ya hana, ko matarka ne." Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma ban taɓa jin maganar da ta fi wannan fita sarai ba.

Da guntayen katako muka fara, in ɗauka daga faifai in saka a kwano. Daga nan murfin kwalba, daga nan goro. In na yi tsaki sai ya yi dariya ya ce, "Hannu ba ya jin wa'azi, Baba, aiki yake ji." In goron ya faɗi sau goma, sau goma zai sunkuya ya ɗauko, bai taɓa saka mini shi a kwanon ba.

Sai ya yi tafiyar wata guda. Masu dubiya kuwa ba su fasa zuwa ba, kowa ya miƙo hannu mu gaisa sai ya ji dunƙule, ya ce, "Subhanallahi, a bar hannun dama haka?" Aka kawo mini maɗori. Uwargidana Hajara ta ce, "Malam, yaron nan fa ya hana." Na ce yaron da aka haifa jiya ne zai koya mini yadda hannu yake? Ni na zaɓi katakon ɗaurin da bakina, mai santsi, aka shafa man shanu, aka ja yatsun, aka ɗaure hannun a miƙe. Na dama kaɗai aka yi wa, don shi ne mai daraja.

Da Davou ya dawo ya kwance ɗaurin, ya ce in ɗaga. Na ɗaga, yatsun suka tsaya a sake kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya jujjuya hannun yana dubawa. Na so ya zage ni, da na sami abin ramawa. Sai ya ce, "Baba, ya yi kyau a ido. Kawo ɗayan."

Wata huɗu hagun yana iya riƙe cokalin da ya ɗaura wa roba, ni kuma na ƙi ci da shi. Ɗan Musulmi, da furfura, in ci tuwo da hagu? Hajara ke ba ni a baki kamar jinjiri. Davou bai yi gardama da ni ba, ya ce, "Ban san littafinku ba, tambayi liman." Liman ya ce lalura ce, in yi bismillah in ci. Ranar da na kai loma bakina da kaina, Davou ya fita waje wai zai duba mashin ɗinsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Na sa an kai ni gaisuwa Jos Jarawa, na ji kowa yana cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri ne. Gaskiya ne. Amma ban ji mutum ɗaya ya faɗi abin da ya koyar ba. Shekara da shekaru ina faɗa a zaure, ana cewa tsoho ya fara surutai. Har yau ana sallamar mutum daga asibiti da takardar da ba mai iya karanta ta a gidan, a bar shi da masu ƙaunarsa, su kuwa da man shanu suke jira.

Ga Sale direba, ɗan Alhaji Buba na bayan layinmu. Motarsa ta kife, ya karye a wuya, sati uku ke nan da dawo da shi gida. Sau biyu kacal Davou ya samu ya je. Jiya Hajara ta dawo daga gidan ta ce ta ga an jingine katako biyu a bakin ɗakinsa, maɗori zai zo jibi ya miƙe masa yatsu. Na aika a gaya wa Alhaji kada ya yarda. Amsar da ya aiko ita ce, "A gaishe da Ɗanjuma, ya ji da jikinsa."

Davou, hukunci na Allah ne, tawa shaida ce, kuma na bayar: ka shigo gidana ba dangin iya ba na baba, ka bar ni ina ci da kaina. Allah Ya dube ka da rahama, Ya saka maka da abin da ka yi wa bayinSa. Allah Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri, Ya tsare su daga wulaƙanci, Ya haɗa su da masu riƙe su kamar yadda ka riƙe mu. Amin.

Gobe in Allah Ya kai mu, ana idar da sallar asuba zan sa a tura kekena zuwa ƙofar Alhaji Buba. Ba zan yi dogon bayani ba. Zan ɗora hannuwana biyu a kan gwiwarsa, in ce ya duba da kyau ya zaɓar wa ɗansa. In ya ce in tafi, ba na tafiya sai an fito mini da katakon nan.