Mashin ɗina a cikin jarrabawa

Shekarun da na koyar da Turanci a wata sakandare a Sabon Birni, mu biyu ke shirya wa 'yan ajin ƙarshe tambayoyin gwaji a kan manyan kalmomi, ni da wani malami da ya girme ni. Taubashina ne kuma, don haka ba ya raga mini, ni ma ba na raga masa. Aikin ba wuya a ido. Ka rubuta jimla, ka bar gurbi, ka jera kalmomi huɗu, ɗaya ce kawai daidai.

Ina da wani tsohon mashin da nake zuwa da shi daga Unguwar Lalle. Ba ya tashi sai an tura, kuma tun daga bakin kasuwa ake jin zuwana.

Ranar wani gwaji ina zagaya aji sai na ji ana ƙunshe dariya. Na duba takarda. Taubashina ya saka jimla cewa mashin ɗin malamin Turanci, sai gurbi. Zaɓin kuwa kalmomi ne masu nufin sabo, mai sauri, mai ƙyalli, sai ta huɗu, dilapidated, wato wanda ya tsufa ya ragargaje. Kowa ya ci tambayar. Da aka tashi na tambayi wata ɗaliba ma'anar kalmar.

"Wallahi Malam ban sani ba," in ji ta. "Amma sauran ukun dai ba mashin ɗinka ba ne."

Na iske shi a ofishin malamai yana shan shayi. Na ce, "Malam, tambayarka ba ta auna komai ba. Ka ba su kalmomi uku da kowa ya sani, ka bar baƙuwa ita kaɗai."

"Ta auna mashin," ya ce. "Kai dai gyara abinka."

"Za ni rama."

"Allah shi kai mu."

Gwaji na gaba na zauna na tsara tawa. Na ce a jimlar, babban malamin Turanci mutum ne, sai gurbi. Don kada a ce zaɓina ya yi sauƙi, na tono kalmomi huɗu masu nauyi daga ƙamus: mai yawan magana, mai gardama, mai taurin kai, mai son a yabe shi. Ta farkon nake nufi.

Da na zo maki sai na ga aji ya rabu huɗu. Da na mayar musu da takardunsu a aji, na ce waɗanda suka zaɓi ta farko su suka ci. Nan fa hannuwa suka tashi. Wani ɗalibi daga Kurawa ya miƙe da ladabi ya ce, "Malam, duk mun san ma'anarsu. Matsalar ita ce ba wadda ba ta hau shi ba."

Taubashina na tsaye bakin taga, ya ji komai. Ya shigo ya karɓi takardar, ya karanta a hankali, sannan ya shiga bayanin dalilin da ya sa ko ɗaya ba ta dace da shi ba. Bai gama ba har aka kaɗa ƙararrawa. Dole na ba kowa makinsa.

Daga nan shugaban makaranta ya hana saka malamai cikin tambaya. Muka koma musayar takardu kafin a buga, ni in nemi zaɓin da ya yi arha a tasa, shi ya nemi amsa biyu a tawa. Ya fi ni samu, kuma bai taɓa samu ya yi shiru ba.