Hamdatu da Ma'aikacin Titograd

Hamdatu maƙwabciyata ce a unguwar Park Hill a nan Amurka, ƙofarta na kallon tawa. 'Yar zangon Kumasi ce. Ta sayar da atamfa a can, ta yi kitso a Bronx, daga baya ta koma aikin kula da tsofaffi. Ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko shayi ka ba ta a tsaye take sha, abin har haushi yake ba ni.

A 2014 aka haɗa ta da daidai ita, wani tsohon Bature mai suna Savo a Port Richmond, wanda tsufa ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Mutumin Montenegro ne, ya shekara ashirin a masana'antar alminiyam ta babban birninsu kafin ya biyo 'yarsa Amurka. Kullum ƙarfe ɗaya na rana sai ya zabura, wai zai makara aiki. Sau biyu yana ɓata, 'yan sanda na tsinto shi a tashar jirgin ruwa. 'Yar tasa ta ce in aka yi na uku, gidan tsofaffi za ta kai shi. Hamdatu ta taɓa aiki a irin gidajen nan, ta rantse Baba, kamar yadda take kiransa, ba zai je ba.

Ba ta kulle masa ƙofa. Sai ta naɗe masa burodi a takarda su fita tare, su yi ta zaga unguwa har ya gaji, sannan ta ce masa an tashi daga aiki. A hanya yake ba ta labarin garin nasu da guntun Turancinsa, ita kuma ta dawo ta juye mini a kunne ina tsaka da girki. Wai da can sunan wani kogi, Ribnica, garin yake amsawa. Sunan ya koma Podgorica, jirage suka ragargaza garin a yaƙin duniya na biyu, aka sake gina shi aka sa masa Titograd. Gonakin inabi a gefe, masana'anta a gefe tana ci da dubban gidaje. To a nan kansa ya tsaya. Tun 1992 aka mayar wa garin sunan Podgorica, amma kar ka kuskura ka faɗa a gabansa.

Na ce, "Ke kam, kin haddace garin wasu kamar can aka binne cibiyarki."

Ta ce, "Yaya, in ban saurare shi ba guduwa yake yi."

Ranar da abin ya kwaɓe, bayi kawai ta shiga. Ta fito ba Baba. Minti arba'in tana gudu a titi ko mayafi babu, har ta same shi yana tambayar direban bas ko motar na zuwa Titograd. Tsoro ya sa ta yi abin da ta daɗe tana hana 'yarsa yi. Ta zaro waya ta nuna masa hotunan garin na yau, da sabuwar gada da manyan kantuna da bankuna.

Ta ce, "Baba, babu Titograd. An rage ma'aikata tuntuni. Babu mai jiranka."

Ta zaci zai manta kafin su isa gida, yadda yake manta ko ya ci abinci. Wannan kuwa sai ya zauna masa. Ya daɗe yana kallon wayar, can ya ce, "To gobe ina zan je?"

Bai sake ɓata ba, don ko zaburar ma ya daina. 'Yarsa ta yi murna, ta bar maganar gidan tsofaffi, har turare ta sayo wa Hamdatu. Ni ma da shishigina na ce ai buƙata ta biya. Ta watsa mini wani kallo, na ja bakina. Wallahi tausayinsu nake ji su biyun. Wata biyar ke nan tana shirga masa ƙarya, wai an bugo waya daga wurin aiki ana nemansa, ko zai tashi su fita. Shi kuwa sai ya dafa hannunta daga kan kujera, ya ce ta daina wahalar da kanta, ya san babu kowa a can.