Gatan da Rago Ya Fi Ƙanena Samu

A da, a wajenmu Wurno, in mutum ya bugu a kai bai zubar da jini ba, ruwa ake yayyafa masa a ce ya tashi. Yanzu ba a yin haka a gidanmu, kuma ba zan taɓa mantawa da ragon da ya jawo hakan ba.

Na yi fataucin albasa har Yamai da Kumasi, na ga kaya iri-iri a kan babur, amma ban ga mai ganganci irin ƙanena ba. Ana gab da Babbar Salla ya sayo rago a kasuwar Goronyo, ya ɗaure shi a bayansa. A hanya ragon ya yi zillo, suka kife, kowa ya buga kai da ƙasa.

Da suka iso gida, kan ragon aka taru. Dabbar layya ba a son ta da aibi, don haka aka kai shi inuwa, aka jiƙa masa dusa. Ƙanena kuwa yana ta maimaita tambaya ɗaya, yana cewa gobe zai hau babur ya tafi ban ruwan albasa.

Aka kira ɗiyata, likitar dabbobi, ta duba ragon. Da ta gama sai ta juyo wurin ƙanena.

"Baffa, kai wa ya duba ka?"

"Mi za a duba? Ko ɗigon jini babu. Ke dai ji da ragona."

Ta zaunar da mu, ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gadi. In lafiya lau, sukan miƙa rassa suna lalube. In an bugu, sai su janye rassan, su kumbura, su taru a wurin suna kwashe abin da ya lalace. An ga haka a ɓera, an gani a alade, an gani a mutum. Sai dai na mutum kan daɗe ba su huce ba, kuma bugu na biyu a wannan hali shi ne abin tsoro.

Ni da na sha wuyar koyon Zabarmanci da Faransanci, abin ya ba ni mamaki: masu gadin nan ko a kan wa suke, yare ɗaya suke ji.

"Ashe ni da rago ciwonmu guda?" in ji ƙanena.

"Guda, Baffa. Ya dai fi ka gata."

A ranar muka kai shi asibiti. Likita ya hana shi babur da aiki cikin rana. A inuwa ɗaya ya yi jinya da ragon, maƙwabta na zuwa suna tambayar wa za su fara gaidawa. Ban ruwan kuma a kaina ya faɗo.

Ragon ya warke, aka yi layya da shi. Ƙanena na nan yana nomansa da hankalinsa garau. Na koyi cewa rauni a kai ba sai an ga jini ba. Tun daga nan duk wanda ya bugu a gidanmu asibiti ake kai shi, kuma ba mai hawa babur ba hular kwano.