Tukunyar Ranar Talata

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na uku a Manchester, na yi wata bakwai cur ina yabon abincin da ban taɓa kai wa bakina ba. Sai yanzu nake iya ba da labarin ina dariya.

A wani ɗan ƙaramin flat na haya nake zaune a unguwar Cheetham Hill, hawa na biyu. Mijina yana aikin asibiti a Birmingham, sai Juma'a yake shigo jirgin ƙasa ya zo, Lahadi ya koma. Sauran kwanakin daga ni sai littattafai, sai shayi da burodi. Ƙofar da ke kallon tawa ta wata dattijuwa ce 'yar Jamhuriyar Dominika, can yankin Latin Amurka, ita ma ita kaɗai take zaune. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini mija, wato 'yata a yarensu.

Wata Talata da yamma na dawo daga makaranta a jiƙe sharkaf, ta tare ni a bakin ƙofa da kwano a rufe.

"Kin rame, mija," in ji ta. "Ba a karatu da ruwan shayi."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya har da rusunawa. Da na shiga na buɗe, sai ga farar shinkafa, gefenta wani wake ƙanana masu zagaye a cikin romo mai kauri, da kabewa ta narke a ciki. Guandules take ce masa. Ƙamshin tafarnuwa ya cika ɗakin, yawuna ya tsinke. Har na ɗauko cokali, sai na tuna ƙamshin da ke fitowa daga kicin ɗinta kowace Lahadi da safe. Naman alade take soyawa. Na ajiye cokalin.

Na kira mijina na faɗa masa. Ya ce, "Ki tambaye ta mana, ai simple question ne."

Na ce, "Haba Likita! Matar da ta haifi kamata ta yi girki ta kawo mini har ƙofa, in tsare ta da me kika zuba a ciki? Ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

A lokacin har wani daɗi nake ji, wai ni mai kunya, 'yar gidan mutunci.

Zubar da abinci kuma ba zan iya ba. Washegari na tafi da kwanon makaranta, na miƙa wa ƙawata 'yar Enugu da muke ofis ɗaya. Tana buɗewa ta daka tsalle, ta ce ai wannan waken shi suke kira fiofio a wurinsu, rabonta da shi tun gida. Ta share kwanon tas. Na wanke shi, na zuba dabino a ciki tunda ba a mayar da kwano haka nan, na kai wa Mama. Ta ce, "Ya yi daɗi?" Na ce ai ban taɓa cin irinsa ba. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Shi ke nan, ya zama kowace Talata. Mama ba ta yarda da "ya yi daɗi" kawai, sai ka yi mata bayani. Don haka sai na riƙa yi wa ƙawata tambayoyi tana ci, in haddace amsa, in je in juye. Wannan makon kabewar ta fi zaƙi. Wancan makon ruwan kwakwar ya fito sosai. Har rashin ta-ido ya kai ni na ce mata gishiri ya ɗan yi yawa, don ƙawata ta ce haka. Baiwar Allah ta rage.

Kuma fa son matar nan nake yi har raina. Ita ke karɓar mini saƙo in ba na nan. Ranar da mura ta kwantar da ni, ita ta raka ni wurin likita, tana riƙe da jakata. Duk sanda ta ƙwanƙwasa ranar Talata sai in buɗe a tsorace, don na san ranar da ta gane, na rasa mutum ɗaya da nake da shi a garin.

Cikin hunturu ta zame a matakala, hannunta na dama ya karye. Talatar da ta biyo baya ta ƙwanƙwasa da hagu, babu kwano.

"Yau ke za ki dafa, ni in zauna in yi mulki."

Ban taɓa shiga kicin ɗinta ba sai ranar. Na kai hannu kan wata babbar tukunya da ke kan murhu, ta daka mini tsawa, "Ba wannan ba!" Ta nuna mini can saman kabad. Na hau kujera na sauko da wata leda. A ciki akwai 'yar shuɗiyar tukunya, da wuƙa, da katakon yanka, da ludayin katako an ɗaura masa jan zare.

"Waɗannan naki ne," in ji ta. "Kafin in fara kawo miki, na je wurin mahaucin nan na ƙasa mai sayar da naman halal, na ce ya faɗa mini abin da ba ku ci. Sababbi na saya, alade bai taɓa shiga ba. Ko dunƙulen miya shi yake karanta mini bayan kwalin, idona ba ya gani."

Ni dai ban san yadda na yanka albasar nan ba. Tana daga kujera tana ba da umarni: soya albasa da tafarnuwa da tattasai, zuba tumatirin gwangwani, kawo kabewa, juye waken gwangwani biyu, zuba ruwan kwakwa, rage wuta. Ko rabin awa ba a yi ba romon ya yi kauri.

"Ɗanɗana. Ya yi kamar na kullum?"

Na kai ludayin baki. Daɗinsa ne ya ƙarasa ni. Na fashe da kuka a tsaye, na faɗa mata komai, har da ƙawata.

Ta miƙa hagu ta kashe wutar.

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Kunya, Mama. A wurinmu rashin ladabi ne."

"Ni da furfurata na je na tambayi mahauci," in ji ta a hankali. "Mahaifiyata da naman alade take dafa shi, shi ne ɗanɗanon gidanmu. Tukunya ɗaya nake ɗorawa ranar Talata, mija. Wata bakwai ke nan ni ma ban ci irin nata ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gabanta ina ba ta haƙuri. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta ce, "To wai wace ce na rage wa gishirina?" Sai ga mu muna dariya da hawaye. Ta sa na ƙara gishiri, ta tsare ni sai da na cinye faranti biyu a gabanta. Ta ce in gaya wa ƙawata in tana so ta tako da ƙafarta, an daina aike.

Na daɗe ina ɗaukan abin da na yi a matsayin kara. Daga baya na gane kaina na kare daga jin nauyin minti ɗaya, na bar tsohuwa tana ɗawainiyar wata bakwai. Tun daga nan, in abu ya shige mini duhu, tambaya nake yi, ko da ina jin kunya.

Da na gama karatu na koma wurin mijina a Handsworth, can Birmingham, ta naɗe tukunyar da ludayin a leda ta cusa mini a akwati. Bayan shekara biyu ta koma ƙasarsu wurin 'yarta. Waken nan yana nan birjik a shagunan unguwarmu, kuma har yau ranar Talata shuɗiyar tukunyar ce a kan wuta. Na sa kaza, na sa busasshen kifi, na gwada iri-iri. Amma in kewarta ta taso mini, haka nake dafa shi ba nama, yadda ta yi wata bakwai tana ci saboda ni.