Baba Mutum-Uku da Ƙafar Maigadi

Mahaifina direban motar makaranta ne. Shekara ashirin da biyu yana kwasar 'ya'yan mutane safe da rana, ko bango bai taɓa gogawa ba. Amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ɗan yi jim, don a ransa shi ɗan wasan kwaikwayo ne da tuƙi ya tsare. Duk ƙarshen shekara, ranar da iyaye ke zuwa karɓar sakamako, ana ba shi minti goma a zauren taro. Shi kaɗai yake hawa dandamali ya zama mutum uku, shi ya sa yara suke ce masa Baba Mutum-Uku.

Matsalar ita ce duka ukun murya ɗaya gare su. Hula ce kawai ta raba su: in ya turo ta goshi likita ne, in ya tura ta ƙeya majinyaci, in ya cire ta matar majinyacin. To Baba in magana ta yi masa daɗi, mantawa yake da hular. Sai ka ji likita yana kukan ciwon ciki, matar kuma tana rubuta magani. Iyaye su yi tafi don kara, suna raɗa wa juna, "Wai yanzu wa ke magana?"

Shekarar da na fara koyarwa a makarantar, shugabar ta kira shi ofis, ina tsaye. Ta ce, "Baba direba, bana in mutane ba su gane ba, 'yan rawa za mu ba minti goman nan." Ya yi dariya ya ce ba komai. A gida kuwa ko rabin abincinsa bai ci ba.

Ni a lokacin ban daɗe da gama kwaleji ba, ina ji da kaina, gani nake ba abin da ban sani ba. Na ture kujerun falo gefe na ce, "Baba, ajiye hular nan. Jiki ne zai fara sauyawa kafin baki. Ka tsaya, ka ja numfashi, ka juya, sannan sabon mutum ya yi magana."

Likita bai ba mu wahala ba: ƙirji a gaba, hannu a baya. Matar kuma hannu a ƙugu, har Mama ta leƙo daga kicin ta ce a kiyaye ta. Majinyacin ne ya gagara, ga shi kuwa shi ne wawan wasan, wanda ya shanye maganin shafawa. Mun gwada tari, mun gwada ƙusumbi, duk bai zauna ba. Can sai na miƙe na ratsa falon ina jan ƙafar hagu, na tsaya, na ja leɓatun kunnena kafin in yi magana.

Baba ya daina dariya. Ya ce, "Wannan ai maigadi ne."

Maigadin makarantarmu amininsa ne. Kullum kafin motar ta fita sai sun sha shayi a bencin bakin ƙofa, ɗaya ya zo da ganye, ɗaya da sukari.

Na ce, "Haba Baba, shi kaɗai ne mai jan ƙafa a duniya?"

"To kunnen fa?"

"Ba wanda zai lura."

Ƙarya na yi. Na san kowa zai lura, don haka ma na zaɓa. So nake a ce 'yar direba ta gyara wasan ubanta. Baba ya dube ni, ya dubi hularsa a kan kujera, ya yarda da mai ilimi.

Ranar taro abu ya yi kyau har ya wuce misali. Baba ya tsaya, ya juya, ga likita. Ya juya, ga mata. Ba wanda ya tambayi na kusa da shi komai. Sai ya ja numfashi, ya ja ƙafar hagu taku uku, ya kai hannu kunne. Daga cikin ɗalibai aka ƙwala, "Maigadi!"

Zauren ya kece da dariya, kawuna suka juya baya gaba ɗaya. Maigadin yana tsaye a bakin ƙofa, makullai a hannu. Shi ma ya yi dariya, har ya ɗaga musu hannu. Baba ya ƙame, yatsu a kunne. Saura minti bakwai, kuma in ya saki ƙafar nan majinyaci ya ɓace, wasa ya rushe. Haka ya ci gaba da janta a gaban amininsa har ƙarshe. Ni ina layin gaba, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shugaba ta ce ba a taɓa yin irin na bana ba, minti goma na Baba ne har abada. A gida Baba ya rataye hularsa, ya shige ɗaki. Da ya yi min faɗa da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin yara suka sauko daga mota suna jan ƙafa, suna jan kunne. Ba a sha shayi ba, wai cikin maigadi ba ya so. Ƙofar ma tun kafin motar ta iso ya buɗe ta, ya tsaya cak jikin ginshiƙi, bai motsa ba sai da yaron ƙarshe ya shiga aji. Baba ya kashe mota, ya wuce ofis kai tsaye, ya ce wa shugaba ta ba 'yan rawa minti gomansu.

Da aka fita hutun tara na lallaɓa bakin ƙofa. Na tsara ban haƙuri tun daga aji. Amma da na isa wurin maigadi, sai na durƙusa na gaishe shi kawai.

Ya ce, "Tashi, Malama, tashi. Wasa ya yi kyau, kowa ya gane."

Hannunsa ya ɗago zai je kunne, sai ya tuna, ya mayar da shi aljihu.

"Amma 'yata, tsakani da Allah, haka nake tafiya? Ni fa shekara talatin ina zaton ba ya nunawa."